Onarabul Mai Hatsi Ya Zo Hutun Majalisa

(Teburin mai shayi ne, bayan tsohon shagon hatsin Alhaji, an idar da isha'i. Onarabul ya shigo gari a sace, jif ɗin ma a gidan mai na bakin gari ya bar ta, ya naɗe fuska da rawani ya lallaɓo ta lungu shi da tsohon yaron shagonsa, wanda yanzu in ba ka ce masa PA ba ba ya amsawa.)

MAI SHAYI: Allah ya taimaki Onarabul! Kauri za a haɗa ko ruwan bunu?

ONARABUL: Kai rage murya mana! Wa ya ce maka ni ne?

MAI SHAYI: Haba ranka ya daɗe, duk garin nan kai kaɗai ne kake tambayar nawa ne burodi kafin ka yi sallama.

ONARABUL: To naji. Ruwan bunu, sukari cokali ɗaya, kuma kar ka gaya wa kowa.

(Kafin ya rufe baki sai ga Ticha, tsohon hedimasta mai ritaya, rediyo a kafaɗa kamar kullum.)

TICHA: A'a Alhaji! Barka da hutu. Wallahi tun ranar 13 ga Yunin 2023 da aka rantsar da ku nake kashe kuɗin batir ko zan ji muryar wakilinmu, na ji ta Bayerabe na ji ta Inyamuri na ji ta 'yan Borno, taka kuwa shiru.

ONARABUL: Malam mu 360 ne fa a zauren nan, kuma ba kai za ka miƙe kawai ka hau magana ba, sai kakaki ya hango hannunka, ni kuwa kujerata tana can baya kusa da ƙofa, in na ɗaga hannu masinja ne yake zuwa ya ɗauka ruwa nake so.

PA: Amma ya yi magana fa Malam, ni shaida ne.

TICHA: Madalla. Me ya ce?

PA: Ya ce a rage sanyin esi.

ONARABUL: Kuma an rage! Ka nuna min ɗan majalisa ɗaya da ya kawo buƙata aka zartar a take, ba karatu na ɗaya ba na biyu ba kwamiti.

TICHA: Ko dai Turancin ne yake ba ka wahala? Ai sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a iya gudanar da majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci, in an yi tanadin da ya dace.

ONARABUL: To tun 1999 ake wannan tanadin har yau bai nuna ba. Ranar da aka ce yau da Hausa za a yi, Malam, sai an kira 'yan sanda sun ɓamɓare abin magana daga hannuna, ni da na shekara talatin ina ciniki da dillalan Dawanau.

MAI SHAYI: To in ba ka magana me kake yi a can ɗin, ranka ya daɗe?

ONARABUL: Ihu. Talata, Laraba, Alhamis. Kakaki zai ce masu so su amsa, a yi ihu, ya ce marasa so su amsa, a sake ihu, sai ya buga guduma shikenan an gama. Ni bakin maƙwabcina nake kallo, in ya buɗe in buɗe. Wata rana ashe hamma ya yi, ni kaɗai na ƙi amincewa da abin da ko sunansa ban ji ba, jarida ma sai da ta ce na nuna jarumta.

TICHA: Da haka kenan kuka dawo mana da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, wanda aka ajiye tun 1978, cikin mako guda kun gama an sa hannu, mu kuwa asibitin garin nan in mace ta zo haihuwa da dare da fitilar waya ake karɓa.

ONARABUL: Kar ka tuna min da taken nan. Wancan ɗin ma saura layi biyu in haddace aka canja. Yanzu in an tashi rerawa salati nake yi a hankali, bakina dai na motsi kyamara ta ɗauka.

MAI SHAYI: Amma dai akwai maiƙo ko? An ce miliyan 13 da rabi kuke sharɓa duk wata.

TICHA: Wannan Sanata Shehu Sani ne ya faɗa a 2018, na gudanar da ofis, kuma na sanatoci ne, ban da albashi.

ONARABUL: Yawwa gaya masa, na sanatoci ne. PA miƙo min kalkuleta, yau sai na yi muku lissafin nan don kowa gani yake na haye. Fom kaɗai a 2022 miliyan 10 na biya, takarda ce fa, ko rasit ɗin tirela bai kai ta tsada ba. Sai deliget. Mutumin da na san ubansa, ya rantse min da Alƙur'ani da daddare, da asuba aka gan shi yana rantse wa abokin takarata, na ce yaya haka, ya ce wai waccan ta jiya ce. Na sayar da tirela ɗaya na wuce wannan. Ana cikin haka aka canja fasalin Naira, zaɓe ya zo ranar 25 ga Fabrairun 2023 ba tsabar kuɗi a ƙasa, mai POS ya koma sarki, ka yi wa mutum tiransifa ya ce bai ga alat ba ba zai dangwala ba. To me zan raba? Taliya ta ƙare, atamfa ta ƙare, sabulu ya ƙare, wannan yaron da ba ya tsoron Allah ya ce Alhaji ga sito cike.

PA: Ai shi ya kawo mu ranka ya daɗe.

ONARABUL: Rufe min baki! Gero, dawa, masara, sito uku, na buɗe aka yi ta awo kyauta har da 'yan jam'iyyar adawa a layi. Wata uku tsakani, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya tashi, hatsi ya bi shi, buhun da na bayar don ƙuri'a biyu ya ninka kuɗi ya sake haurawa. Yaran da nake ba wa sari a da, duk sun yi gidan bene da masara. Ni ina Abuja ina biyan haya, ina sayen albasa guda uku a leda da lamba a jiki, ba ragi ba gyara.

TICHA: Har da hawaye Alhaji?

ONARABUL: Hayaƙin murhu ne.

(Ana haka sai ga Gwaggo da 'yar sandarta da tocila. Yayar mahaifin Alhaji ce, kuma duk wanda ya taɓa cin zaɓe ya san babu kwamitin da ya kai irin wannan tsohuwa bincike.)

GWAGGO: Ina ɗan nan yake? An ce ya shigo gari yana ɓuya sai ka ce wanda ya ci kuɗin adashi.

ONARABUL: Gwaggo ina wuni, wallahi yanzu nake cewa daga nan wurinki zan...

GWAGGO: Ƙarya kake, tun kana yawo ba wando in za ka yi ƙarya sai ka sosa ƙeya. Saurara. Jikana yana son kwastan. Ɗakina yana yoyo. Kujerar Makka da ka ce bana, ga bana ta wuce. Sannan 'yar maƙwabciyata za a kai ta ɗaki saura gado da katifa.

ONARABUL: Gwaggo aikin ɗan majalisa fa yin doka ne, da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu.

GWAGGO: Doka? Ni na aike ka Habuja ka sayo min doka? Dokar Allah ma da ƙyar muke cikawa za ka ƙaro min wata. Ranar da ka zo ka durƙusa a tsakar gidana na tara maka matan unguwa, doka ka ce za ka kawo ko kwano?

TICHA: To nan kam Hajiya zan tare wa Alhaji. Mu ne muke lalata wakilanmu. Ɗan majalisa ba gwamna ba ne, ba ciyaman ba ne, ba baitulmali ba ne, in kowa ya zo da kukan suna da biki da rufin ɗaki dole mutum ya je ya nemo ta inda bai dace ba, sai mun waye mun daina wannan roƙon sannan ƙasar nan...

ONARABUL: Allah ya yi maka albarka Malam! Yau na ji mai ilimi. Wannan ambulan ɗin da kake tura min ƙarƙashin kofi fa?

TICHA: Takardun ɗan wajena ne, ya gama bautar ƙasa shekara huɗu kenan. Ba roƙo ba ne wannan, tunatarwa ce.

MAI SHAYI: Tunda an buɗe fage ranka ya daɗe, ni janareto ƙarami kawai.

ONARABUL: Kai ba ka samu keken ɗinki ba a rabon tallafi?

MAI SHAYI: Na samu. Sau biyu ma. To ni me zan ɗinka, burodi? PA na sayar wa, rabin kuɗi.

GWAGGO: Ni ma shi na sayar wa nawa.

TICHA: Tsaya tsaya. Shi ya sa nake ganin keken nan mai tsagaggen murfi a hoton kowane rabo! Rabo uku aka yi, ashe keke ashirin ɗin nan ne suke ta ɗawafi.

PA: Kowa ya amfana ai Malam. Mai karɓa ya samu kuɗi, mai hoto ya samu aiki, keke kuma bai tsufa ba.

ONARABUL: Kai yanzu riba kake ci a bayana ban sani ba? Nawa ka tara? Rabi nawa ne, jarin ai nawa ne.

TICHA: Ka ji ko! Abin da ya dame shi kenan. To rijiyar burtsatsen bakin kasuwa fa? Biliyan 100 aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, ku 469 har da sanatoci, mu namu rabon allo ne, hotonka a jiki ya fi tankin girma, famfo kuwa in ka murɗa sai iska. Ka san hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC na bin sawun irin waɗannan ayyukan?

ONARABUL: Ruwan yana ƙasa Malam, ba inda ya je. Kasafin bana na allo ne da tanki, na baɗi shi ne na ruwa, in kuka sake zaɓena.

TICHA: A'a ba sai baɗi ba. Akwai kiranye a tsarin mulki. In fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu, INEC ta tantance, cikin kwana 90 a yi ƙuri'ar raba gardama, sai ka dawo kan buhunka.

PA: An gwada wa wani sanata a Kogi a 2018, ranar tantancewa 'yan tsiraru ne suka fito.

TICHA: Nan ba Kogi ba ne. Ni zan fara sa hannu.

MAI SHAYI: In ba janareto ni ne na biyu.

GWAGGO: Ni a kawo tawada in dangwala duka biyar.

ONARABUL: To madalla. PA, buɗe jakar nan ka ɗauko min baƙin littafi.

(PA ya zaro wani tsohon littafi mai bangon fata, an ɗaure shi da robar tayar keke, duk gefensa ya yi baƙi da yatsa.)

ONARABUL: Da aka ba ni fom ɗin bayyana kadara a Abuja na ce musu ina gurbin da ake rubuta bashin da mutum yake bin jama'a, suka ce shafin ba zai ɗauka ba. To ga shi nan, tun daga kakar 1998. Kun ce rabin masu rajista ko? Ni kashi biyu cikin uku ne a nan ciki, da sunan uba da unguwa. Duk wanda zai sa hannu a waccan takardar ya fara biyowa ta wannan. Malam, shafi na 41, masara buhu biyu, azumin 2016, ka ce in an biya fansho.

TICHA: Ai ba a... wato kiranyen nan dama a ilmance nake bayani, ba wai yau ba.

ONARABUL: Kuma da farashin yau za a biya. Mai shayi, sukari buhu ɗaya, madara katan biyu.

MAI SHAYI: Allah ya ja zamanin Onarabul, wane ɗan hassada ne ma ya kawo zancen kiranye? Huɗu a kan huɗu! A ƙara ƙwai?

ONARABUL: Gwaggo ke naki shafi uku ne.

GWAGGO: To buɗe na huɗu ka rubuta goyon shekara biyu da na yi maka, da zanina biyar da ka lalata, shi ma da farashin yau.

(Daga bakin titi sai aka ji lasifika ta ɗauka, maroƙin garin ne ya samu labari: "Ga na Gwaggo mai sito uku! Jama'a ku fito, ruwan sama yana teburin mai shayi!" Ƙofofi suka fara buɗewa, fitilun waya ta kowane lungu.)

ONARABUL: Innalillahi. PA ta ina ne babu mutane?

PA: Ta kan katangar makaranta ranka ya daɗe.

ONARABUL: Riƙe min babbar riga. Mai shayi ka cire kuɗin shayin a cikin sukari!

(Sun haura katanga, takalmi ɗaya ya faɗo ta wannan gefen. Can daga bayan katangar aka jiyo muryarsa.)

ONARABUL: Littafin! PA, littafin!

TICHA: Hajiya ba ki ga littafin Alhaji ba? Yanzu fa yake nan kan benci.

GWAGGO: Ni da ƙafata ke ciwo, na samu wuri na zauna, ba na tashi. Kai mai shayi, ba ɗazu na ji kana cewa takardar naɗe burodi ta ƙare ba?

TICHA: A fara daga shafi na 41.