Kafin mu cika Daura da 'ya'yan Friesian

Kwanan nan duk mai 'yan kuɗi da na yi waya da shi a Daura maganarsa ɗaya ce: a sa wa Bunaji maniyyin Friesian, shanun Turawan nan masu yawan madara, a samu madara. Madarar kam za a samu. Amma har yau ban ji wanda ya yi zancen ciwon hantsa ba.

A nan Norwe, inda nake aiki a gonar shanun tatsa, tun 1975 kowace saniya ke da katin lafiya, duk maganin da likitan dabbobi ya yi mata sai an rubuta. Daga 1978 suka sa ciwon hantsa cikin ma'aunin zaɓen bijimi. Bijimin da 'ya'yansa ke yawan kumburin hantsa baya ake mayar da shi, ko da suna cika bokiti.

Abin da saniya ke gada daga iyaye a wannan ciwo kaɗan ne, da ƙyar yake kai kashi 5 cikin 100. Saura duk ƙazantar makwanci ce, da ƙuda, da hannun mai tatsa da ke ɗaukar ƙwayar cuta daga wannan kan nono zuwa wancan. Shi ya sa ido ba ya gane bijimin kirki, sai an tara labarin 'ya'yansa masu yawa. Ga kuma inda gizo ke saƙar: in yawan madara kaɗai aka bi wajen zaɓe, ciwon hantsa na biyo shi a jini, musamman ga saniyar da hantsarta ke reto kusa da ƙasa.

Bafulatanin ruga ya fi Baturen nan sanin shanunsa, zai lissafa maka uwa da kaka ba takarda. Sai dai in kan nonon saniya ɗaya ya mutu, kasuwar Mai'adua ake kora ta, ba mai waiwayar uban da ya haife ta. Bunaji na rufa mana asiri ne don madararta kaɗan ce, maraƙi kuma na tsotse abin da ya rage bayan tatsa. 'Yar Friesian a zafin Afrilu, ruwa ɗaya na wanke hannu ga garke duka, wani zance ne daban.

NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa Friesian da Bunaji, can ya kamata a fara tambaya. Mai sayar da maniyyi kuwa a ce ya nuna lafiyar hantsar 'ya'yan bijimin kafin a ƙirga masa kuɗi.