Jinyar gida tsakanin Tawa da Liyon: wa ke kula da mai jinya?

Akwai maganar da mu ƴan Adar mazauna Turai muke yawan faɗa idan hira ta kai ga jinya, cewa Bature yana da kuɗi mu kuma muna da zumunci, saboda haka marar lafiyarmu ya fi nasu gata. Ina aikin taimakon marasa lafiya a gidajensu a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma abin da nake gani a wajen masu cutar da ake kira sclérose en plaques, ko SEP a taƙaice, ya sa ban gamsu da wannan magana yadda ake faɗarta ba.

Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa yankewa tsakanin kai da gaɓoɓi. Likita Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a Paris a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi kama mata, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai lokacin da mace take goyo ko namiji yake ɗauke da gida. Ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya ƙi riƙuwa, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Bayan makonni abin ya lafa, daga baya ya dawo. Ba a samo maganin da ke warkar da ita ba, sai dai masu rage tasowarta, shi ya sa mafi yawan rayuwar mai ita a gida take, ba a gadon asibiti ba.

A Faransa hukuma ta ɗauki wannan gida a matsayin wurin jinya. Inshorar lafiya tana ɗaukar nauyin maganin cutar saboda tana cikin jerin cututtuka masu daɗewa, kuma dokar 11 ga Fabrairun 2005 ta kafa ofishin naƙasassu na MDPH a kowace gunduma, inda ake auna buƙatar mutum a ba shi tallafin naƙasassu da ake kira PCH. Da shi ake biyan mai zuwa ta yi wa mutum wanka ta sa masa tufafi, da shi ake faɗaɗa ƙofa don keken guragu ya wuce, har ma ana iya ba miji ko uwa ɗan ihisani idan su ne ke jinyar. Tun 2020 ma'aikacin da ya ɗauki hutu don jinyar nasa yana iya samun alawus na kwanakin. Ba zan ɓoye aibin tsarin ba: takardu na ɗaukar watanni, ma'aikata ba su isa ba, kuma na sha rufe ƙofa in bar mace ita kaɗai, ina sane da cewa ba za ta ga fuskar kowa ba sai gobe. Wannan kaɗaicin yana ci mini rai, kuma a nan masu maganar zumunci suna da gaskiya.

A Tawa, babban birnin Adar a Nijar, ba a barin marar lafiya shi kaɗai. Maƙwabta na shigowa da sannu, ana aiko da fura da kunu, ana yi masa addu'a a masallaci. Amma idan ƴan dubiya suka watse, wa ya rage? Kusan kullum mace ɗaya ce, uwa ko mata ko ƴar da aka cire daga makaranta, domin a yankinmu maza da yawa suna bida a Abijan ko Libiya. Ita ce za ta ɗaga babban mutum daga tabarma, ta kai shi masai na tsugune wanda ƙafarsa ba ta iyawa, ta wanke ƙazanta da ruwan da ita ta ɗebo, ta kuma ɗora tukunya. Ba wanda ya koya mata cewa wanda ya kwanta sai an riƙa juya shi bayan kowane awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ɓullo a ƙugu da diddige. Ba wanda ya gaya mata cewa zazzaɓi tare da fitsari mai wari alama ce ta ƙwayar cuta da ke buƙatar likita a ranar, ko cewa gaɓar da ba a motsawa tana sandarewa. Ana yaba mata da haƙuri, bayanta kuwa yana karyewa, kuma ba a taɓa tambayarta yaushe ta yi barci ba.

Gaskiya ne cutar ba ta yawaita a ƙasashenmu kamar yadda ta yawaita a Turai ba, amma gano ta ma aiki ne, domin sai da hoton IRM, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, da likitan jijiyoyi, kuma daga Tawa zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Da yake takan lafa da kanta, dangi kan ɗauka sammu ne aka karya ko iska ce ta sauka, sai a yi shekaru ba a je asibiti ba. Addu'a ba ta hana neman magani. Sannan duk abin da za a tanada don masu wannan cuta zai amfani masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba.

Ba ina cewa Nijar ta kwafo PCH ba ne, baitulmalinmu ba zai ɗauka ba. Abin da nake so mu ɗauko bai kai wannan tsada ba. Muna da cibiyoyin lafiya na CSI da ma'aikatan sa-kai da ke shiga gida-gida don rigakafi da zazzaɓin yara. A ƙara musu horo kan juya majinyaci, ɗaga shi ba tare da cutar da baya ba, da motsa gaɓoɓi, su koya wa mai jinya a ɗakinta. Zafi yana tsananta alamomin wannan cuta, kuma a Afrilu da Mayu Tawa tana wuce digiri 40. Bayan zafin 2003 da ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, an wajabta wa ofisoshin magajin gari riƙe rajistar masu rauni don a riƙa tuntuɓarsu. Mai unguwa da liman za su iya yin haka da littafi ɗaya. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, saboda haka wannan ba roƙon alfarma ba ne.

Mu da ke waje ma akwai namu. Muna aika kuɗin magani da na malam, amma ba kasafai muke aika kuɗin katifa mai kyau, ko kujerar bayan gida, ko ladan wata mace da za ta karɓi jinyar kwana biyu a mako ba. Idan kun buga waya gida, bayan kun tambayi jikin Baba ko Inna, ku ce a ba wadda ke jinyar wayar, ku ji me take buƙata, ku kuma sa sunanta a cikin rabon kuɗin wata.