Buhun da ke da mai shi

Shekarata goma sha ɗaya a Kumasi ta ƙasar Ghana, ina zaune a Aboabo, kuma mafi yawan shekarun nan a bakin sito-sito na koko na yi su, ina jigilar kaya da mota. Koko na cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai ba. Abin da idona ya gani a wannan harka ya daɗe yana hana ni sakat, domin duk lokacin da na je gida Kano na shiga Dawanau, sai in dawo zuciyata a cunkushe.

Ga yadda ake yi a nan. Manomi zai fasa koko, ya tara ƙwayar a ganyen ayaba ya rufe kamar kwana shida ta ruɓa daidai, sannan ya shanya a kan tabarma bisa gadon itace, ba a ƙasa ba. Idan kaya ya iso sito, ba a loda shi sai ma'aikacin duba inganci na Hukumar Koko, wato COCOBOD, ya zo. Zai soka bututun ƙarfe a buhu, sama da tsakiya da gindi, ya auna danshi, kada ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari. Daga nan ya zauna da wuƙa ya tsaga ƙwaya 300 ɗaya bayan ɗaya yana duba cikinta. In masu fumfuna sun haura kashi 3 cikin ɗari, kayan ya fita daga lamba ɗaya. Na taɓa yini cur, mota a tsaye, saboda danshi ya ɗan ɗara; haka muka zazzage buhunan nan a rana, mai kaya yana ta magiya, mutumin ko gezau. In ya gamsu sai ya sa hatimi mai lamba. A Kaase, nan cikin Kumasi, ko a Tema ko Takoradi, za a sake dubawa, haka kuma kafin a sa a jirgi.

Wannan hatimin shi ne maganar gaba ɗaya. Buhun da aka samu da matsala a bakin teku, ana iya bin sawunsa har sitonsa da wanda ya duba shi. Shi ya sa Turawa ke biyan kokon Ghana kuɗi sama da na kasuwa.

Kada wani ya ce mutanen nan sun fi mu tsoron Allah. Ba su fi mu ba. Akwai masu sayen koko a ƙauye da ke murɗe sikeli, manoma na kuka da farashin da gwamnati ke yankewa, ga masu haƙar zinariya na galamse suna cinye gonaki. Bambancin kawai, a nan buhu yana da mai shi.

Mu fa? Shekaru uku da suka wuce na sa aka aiko min da wake daga gida, na ce in gwada kasuwar Kumasi. Bakin buhu fari tas, manya-manya, kamar a zuba a faranti. Da muka juye, daga tsakiya zuwa ƙasa tsakuwa ce da ɓararren wake, ga warin fiya-fiya yana dukan hanci. Matar da ta saba sayen kaya a hannuna ta dube ni ta ce, “Alhaji, kai ma?” Wallahi asarar kuɗin ba ta yi min zafin kalmar nan ba. Na kira wanda ya aiko, ya ce wurin dillali ya saya. Dillali ya ce daga kasuwar ƙauye aka kawo. Magana ta bi ruwa.

Irin wannan ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a ciki. Mutum guda ya zuba guba a sitonsa don kada ƙwaro ya ci masa riba, wake ɗaya ya ɓata gari, manomin da bai ji ba bai gani ba ya kwana a ciki.

Abin da ya fi min ciwo, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zamanin dalar gyada a Kano, akwai masu duba amfanin gona, ana tantance gyada kafin ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, kasuwa ta zama ta kowa, dubawa ta yi sako-sako. Ghana kuwa ta bar 'yan kasuwa su shiga sayen koko, amma ba ta saki hatimin ba.

Ko ba gwamnati ma, mun san abin nan. Akwai wani dattijo mai goro a zango da nake zama wurinsa bayan la'asar. Yakan kwance huhu ya bi goro ɗaya-ɗaya, ya fitar da mai sankara, ya canza ganye, ya yayyafa ruwa. Na ce, “Baba, wa zai gane in ka bar biyu-uku?” Ya ce, “Ɗana, wanda zai kwance shi a Sakkwato ya san hannuna.” Kakanninmu fataken Gwanja da haka suka riƙe hanyar nan ɗaruruwan shekaru.

Don haka ni ban ga dalilin zaman jiran Abuja ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dawanau suna da shugabanni, suna da ƙarfin hukunta nasu. Su sa kowane buhun wake ko riɗi ko zoɓo da zai tsallaka iyaka ya ɗauki lambar sito da sunan mai shi. A sayi na'urar auna danshi, a samu yara masu ilimi a koya musu dubawa, a biya su albashin da zai hana su karɓar na goro. Wanda aka kama da algus sau biyu, a hana shi lamba. Na san masu saye a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, da za su ƙara kuɗi kan irin wannan buhu, domin yanzu sai sun zazzage kowanne a ƙasa kafin su biya.