Malamin da ya sauka a gona ya san aikinsa

Tun safe ake ta zagin malamin koyar da tuƙin jirgin saman nan da injinsa ya mutu bayan tashi, wai me ya hana shi juyo da jirgin filin da ya taso, sai ya afka gonar mutane da ɗalibinsa. Haba jama'a! Abin da ya yi shi ake koyarwa, a makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ne ko ta Ilorin.

Idan inji ya ɗauke jim kaɗan bayan tashi, hancin jirgi na kallon sama, gudu na zubewa cikin daƙiƙu. Aikin farko shi ne a dangwarar da hanci ƙasa a kama gudun lilo, wato gudun da jirgi zai fi yin nisa ba inji, wajen not (ma'aunin gudun jirgi) 65 zuwa 68 a ƙaramin jirgi Cessna 172. A wannan gudun, duk ƙafa ɗaya da ka sauko, kusan ƙafa 9 za ka ci gaba. Daga ƙafa 400, ko kilomita ɗaya da rabi ba ka da shi. Da me za ka juya? Komawa titin da ka baro ya fi rabin da'ira, kuma da ka karkata fiffike sai jirgin ya ƙara nutsewa. Matuƙi ya tsorata ya ja sandar tuƙi, fiffike ya daina ɗaukar iska, jirgi ya kifa da ka. Wannan juyin ya kashe ƙwararru da yawa. Ka nemi fili a gabanka, ka rufe mai, ka kashe magneto mai ba inji wuta, ka ɗan buɗe ƙofa kada ta maƙale, ka sauka.

Masu cewa ai jirgin ya lalace, to ya lalace mana. Ƙarfe ne. Mutum biyu sun koma wurin iyalansu, alhamdu lillahi.

Nan Jos ma abin ya fi tsanani. Filin jirgin sama na Heipang ya haura ƙafa 4,000 sama da teku, injin fistan na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ga zafin rana. Jirgi na hawa da ƙyar, wa zai yi maganar juyawa?

Dalilin mutuwar injin, ruwa a mai ne ko ƙanƙara a kafireto, a bar wa NSIB, hukumar binciken haɗurra ta ƙasa.

Ku kuma da ke rububin ɗaukar hoto a jikin jirgin, wani har da sigari, don Allah ku ja baya. Fetur ne a cikin fikafikan nan. Guntun ƙarfen da yaro ya tsince ya kai wa 'yan gwangwan, wataƙila shi masu bincike suke nema.