Malamai biyu ba sa rikita mai koyon jitar bas

Ana yawan gaya wa mai koyon jitar bas, wato jita mai kaurin murya, cewa ya riƙe malami guda, wai in ya je wurin na biyu hannunsa zai rikice. Wannan magana tana hana yara da yawa ci gaba, kuma ba daidai ba ce.

Abin da kowane malami zai koyar iri ɗaya ne a tushe: tsirkiya huɗu da ake ɗaurewa a kan sautukan da ake kira E, A, D da G, da kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai ganga. Inda suke rabuwa shi ne hannun dama. James Jamerson, wanda ya yi kiɗan bas a kamfanin waƙoƙi na Motown a Amurka, da yatsa ɗaya tak yake jan tsirkiya. Larry Graham kuwa, shi ma makaɗin bas a Amurka, da babban yatsa yake dukanta, ya fincike ta da manuniya. Akasarin malamai na yau suna koyar da musanya yatsu biyu. Duk waɗannan hanyoyi ne na gaskiya, kuma malami ɗaya da wuya ya ƙware a dukkansu.

Rikicewar tana zuwa ne idan ɗalibi ya ɓoye wa kowane malami abin da ɗayan ya koya masa. Ka faɗa musu a fili. A watannin farko dai, gara ka tsaya da mutum ɗaya har yatsunka su saba da riƙon wuyan jitar, sannan ka nemi wanda ya fi shi iya karanta rubutun kiɗa ko salon da kake so.