Wa Zan Sa a Aikin Dare?

Ni ce mai tsara jadawalin aikin nas-nas a ɗakin mata na wani asibiti a nan Kano, kuma wallahi na gaji da soke suna. Wannan ta tafi Saudiyya, waccan Ingila, wata cewa ta yi gara ta zauna gida ta sayar da atamfa ta WhatsApp.

Shekaranjiya yarinyar da na fi ji da ita ta miƙo min takardar ajiye aiki, idonta jajur. "Mama, ki yafe min, ba don ke ba ne." To me zan ce mata? Ni na bar ta ita kaɗai daren Talata, gadaje cike, wasu a tabarma. Aka ɗauke wuta, janareta ba mai. Waya ta riƙe a baki tana haskawa, tana laluben jijiyar wata tsohuwa don ta sa mata ƙarin ruwa. Safar hannu ma sai da aka tura mai jinya kemis. Gari na wayewa ɗan tsohuwar ya wanke ta tas, wai nas-nas ba su da imani. Daga ofis ko uffan ba a ce masa ba. Ni aka kira, wai in yi bayani a rubuce.

Haba! Sannan a zauna taro ana cewa yaran yanzu kwaɗayi ya yi musu yawa. Kwaɗayin me? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita daga Rijiyar Zaki ya cinye alawus ɗin, wanda shi ma sai an yi ta bi. Hutun shekara kuwa ni ce mai hanawa, don ba mai canji, ni ce kuma baƙar uwa.

A 2024 hukumar nas-nas ta ƙasa da bakinta ta ce 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. Maganin da aka fito da shi? A lokacin cewa aka yi sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita. Ɗaki na yoyo, an je ana gyaran kwaɗon ƙofa.

Ga jadawalin sati mai zuwa a gabana, daren Juma'a fayau. Sunana na rubuta, da ciwon gwiwar tawa.