Kafin ka ce ba wanda ya fahimce ka

Ƙannena, akwai wata ɗabi'a da ke yawo a cikinku, kuma tana damuna. Yaro zai shige ɗaki ya turo ƙofa, ya toshe kunnuwa, ya kunna waƙar country ta Amurka, irin wadda mawaƙi ke kaɗa jita yana kukan talauci da yadda mutane suka yi masa mummunar fahimta. Haka zai yi ta maimaita ta har dare ya tsala. Gari na wayewa sai ya rubuta a WhatsApp cewa ba wanda ya fahimce shi, alhali kokon da mahaifiyarsa ta aiko masa yana bakin ƙofa har ya huce.

Ban ga laifin wanda waƙar ta sosa wa zuciya ba. Kiɗan nan daga talakawan karkarar kudancin Amurka ya taso, manoman auduga da masu haƙar kwal, waɗanda suka san bashi da fari. Iyayenmu ma sun saurari su Don Williams a rediyo da kaset.

Amma ku duba rayuwar masu waƙar. Hank Williams ɗan jihar Alabama ya yi ta fama da ciwon baya, ya jingina da giya da magungunan kashe raɗaɗi. A 1952 dandalin waƙa na Grand Ole Opry da ke birnin Nashville ya sallame shi saboda maye. Ranar 1 ga Janairu, 1953, aka tarar rai ya yi halinsa a kujerar bayan motarsa, ana kan hanyar kai shi wasa a Ohio. Shekarunsa 29. Dubban mutane sun haddace baitocinsa, hakan bai tsirar da shi ba.

Johnny Cash ma ya kusa bin sawu. Yana ɗan shekara 12 zarton yankan katako ya yi ajalin yayansa a 1944, ya tashi da wannan miki, daga baya ya faɗa shan ƙwaya. Mawaƙiya June Carter, wadda ya aura daga baya, ita da iyayenta ne suka tare a gidansa, suka zauna da shi sai da ya samo kansa. Ko da ya sake zamewa daga baya, iyalinsa ba su sake shi ba.

To kai, wa ka taɓa zaunarwa ka gaya wa abin da ke cin ranka? An tambaye ka, ka ce lafiya lau, sannan kana jin haushi ba a gane ba. Mutane ba su san gaibu ba. Idan Baba mai zafi ne, akwai kawu, akwai malaminka, akwai yaya. Faɗa musu dalla-dalla: kuɗin makaranta ne, jarrabawa ce, ko wadda kake so aka yi wa aure.

In kuwa barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, har kana tunanin gara mutuwa, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Ka samu wani babba ya raka ka asibiti, kada ka bari wani ya miƙo maka kodin ko tiramol.